Babi na Biyar: Kuɗin Yau da Kuɗin Gobe a Bakin Titi

Idan tsohon gini ya fito kasuwa a bakin babban titi a Kano, dillali ba ya ɓata bakinsa wajen yabon ɗakuna ko rufi. Ya san ginin ya gaji, ya kuma san mai saye ya gani da idonsa. Abin da zai ce shi ne, "Alhaji, ba ginin za ka duba ba, wurin za ka duba. Ka ture shi ka tayar da bene hawa uku, shago arba'in sun zauna." Daga nan sai ya nuna titi, inda motoci da adaidaita sahu ke ta kai da komowa, ya bar cunkoson ya ƙarasa masa magana. Farashin da zai biyo baya kashi biyu ne aka haɗe wuri guda. Akwai kuɗin abin da ke ƙasa yau, wato fili da kango da 'yar hayar da suke kawowa, akwai kuma kuɗin abin da ake fatan wurin zai zama gobe, kuma wannan na biyun ne yakan fi tsoka. Abin da wannan babi yake son tabbatarwa shi ne, goben nan ba a hannun mai sayarwa take ba, don haka bai kamata a biya shi cikakken kuɗinta ba. Tana hannun abubuwa uku ne: halin titin, hukuncin gwamnati, da tsadar gini. Wanda ya biya kuɗinta kafin ya tabbatar da waɗannan ukun, kifi a ruwa ya saya.

Ba banza ba mutane suka yarda da bakin titi haka, domin tarihin garin yana ba su hujja. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, babban ciniki ya fara gangarowa daga Kasuwar Kurmi da ke cikin ganuwa zuwa Fagge da Sabon Gari da kewayen tashar jirgi, filayen da ba a ɗauke su bakin komai ba suka zama zinariya cikin 'yan shekaru. Kantin Kwari ma gidajen kwana ne da kantunan 'yan kasuwar Lebanon da Siriya, a hankali aka riƙa fasa ɗakuna ana mayar da su shaguna, har wurin ya zama babbar kasuwar yadi da atamfa da ake zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru. Haka ta faru da Zoo Road, haka ta faru da titunan Nasarawa, inda gidajen manyan ma'aikata masu faffaɗar haraba suka koma bankuna da makarantu da gidajen abinci. Ƙidayar 2006 ta ba jihar mutum fiye da miliyan 9, kuma tun daga lokacin ƙaruwa ake yi, ba raguwa ba. Wanda ya kalli wannan zai ce ai ba a asara a bakin titi. Sai dai labarin waɗanda suka dace ne ake bayarwa a zaure. Ginin da ya tsaya a dekin farko rodi na tsatsa a kansa, da benen da hawan samansa ya shekara biyu babu ɗan haya, ba su da mai ba da labarinsu, alhali suna nan jere a kan titunan da ake yabo.

Mu fara da titin kansa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne lissafa masu wucewa a matsayin masu saye. Ciniki yana faruwa ne idan mutum ya tsaya, kuma titin da ya fi kowane cika sau da yawa shi ne wanda tsayawa ta fi wuya a kansa. Direban da ke gudu a kan hanya mai tagwayen hannu, an raba tsakiyarta da kankare, ba zai yi tafiyar kilomita guda ya juyo don ya sayi abin da zai samu a gaba ba. Wanda ya so tsayawa kuma, in babu wurin ajiye mota, ga jami'an KAROTA masu kula da zirga-zirga a kwana, sai ya haƙura ya wuce. Saboda haka fili biyu da ke kallon juna a titi ɗaya za su iya bambanta da ninki a daraja. Ɗaya yana hannun da mutane ke bi da yamma in za su koma gida, lokacin da ake sayen burodi da magani da kayan miya, ɗayan yana hannun da ake bi da safe ana sauri kada a makara. Ɗaya yana kusa da inda adaidaita sahu ke sauke fasinja, ɗayan yana tsakiyar miƙaƙƙiyar hanya inda kowa ke taka mota. Dillali zai kira su duka biyun bakin titi, kuma bai yi ƙarya ba, amma ɗan hayar da zai biya kuɗin shago shekara bayan shekara ya san ba ɗaya suke ba.

Babbar shaida a kan haka ita ce yadda kasuwancin Kano ya tsara kansa. Shagunan da suka fi tsadar haya a garin ba a kan manyan tituna suke ba, suna cikin layukan Kwari da Singa ne, inda mota ba ta shiga sai ɗan dako da mai kura. Mai neman hatsi Dawanau zai nufa, mai neman waya Farm Centre ko titin Beirut, mai neman kayan gyaran mota da na gini Ƙofar Ruwa, mai neman kayan roba da gwanjo Ƙofar Wambai, mai canjin kuɗi Wapa, mai kayan gwari 'Yankaba. Mai saye yana tafiya inda masu sana'a ɗaya suka taru, domin a nan zai taya a wuri biyar kafin ya biya, a nan kuma zai samu abin da wannan ba shi da shi a wurin maƙwabcinsa. Ɗan kasuwa ya san wannan, shi ya sa ya gwammace ƙaramar rumfa a cikin 'yan uwansa da faffaɗan shago mai tayil shi kaɗai. To wanda zai gina shago arba'in a wurin da babu wata sana'a da ta kafu, sai ya fara amsa tambayar su wane ne za su shiga, me za su sayar, kuma me zai raba su da inda abokan cinikinsu suka san su. Cewa akwai jama'a ba amsa ba ce. Jama'a suna ko'ina a Kano.

Ko da titin ya dace yau, ba mai fili ne ke riƙe da shi ba. Tun daga 2011 gwamnatoci uku a jere suka riƙa canza fasalin manyan mahaɗar garin da gadojin sama da na ƙasa, daga Ƙofar Nasarawa da Gadon Ƙaya da Kabuga, zuwa Dangi da Hotoro da doguwar gadar titin Murtala Mohammed da ta bi ta gefen Sabon Gari, har zuwa Ɗan'agundi da Tal'udu. Waɗannan ayyuka sun sauƙaƙa zirga-zirga, kuma abin da aka yi su dominsa ke nan. Amma manufar gada ita ce mota ta wuce ba tare da ta tsaya ba, wato kishiyar abin da mai shago ke so. Filin da ya yi tsada saboda yana bakin shataletale inda kowa ke rage gudu, zai iya wayar gari yana kallon bangon kankare, bayan an kwashe watanni ana aiki an toshe ƙofarsa. Ba gini kaɗai ke canza hali ba, doka ma tana yi. Da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a watan Janairun 2013, wuraren da mutane ke hawa da sauka suka sauya, ciniki kuma ya bi su. Sannan ga hanyoyin tarayya irin na Zariya da Katsina da Maiduguri, inda gwamnati ta keɓe wa titi mita 45.72 daga tsakiyarsa a kowane hannu. Duk abin da aka gina a ciki aro ne, ranar da aka zo faɗaɗa hanya za a karɓa.

Wani zai ce wannan matsalar ƙananan magina ce, babban jari yana jawo kasuwarsa da kansa. Abin da ya faru a Zoo Road bai goyi bayan wannan ba. An buɗe rukunin kantunan Ado Bayero a 2014, a titin da babu mai musun cikarsa, da wadataccen wurin ajiye motoci, da Shoprite a matsayin babban ɗan hayar da zai riƙa jawo jama'a ga sauran. A watan Janairun 2024 Shoprite ya rufe reshensa na Kano. Ginin yana nan, wasu suna ciniki a cikinsa, amma darasin a fili yake: idan kamfanin da ya yi bincike, ya ɗauki ƙwararru, ya zaɓi wuri da idon basira zai iya tarar da lissafinsa bai fita ba bayan shekara goma, mai gina falaza da maganar dillali ya fi shi buƙatar taka tsantsan. A wannan shekarar ta 2024 kuma aka tilasta wa masu sayar da magani a sari barin Sabon Gari zuwa cibiyar da aka gina musu a Dangwauro, kan hanyar Zariya. Da hukunci guda sana'a sukutum ta tashi daga wata unguwa ta koma wata. Wanda ya sayi gini da tsada saboda maƙwabtaka da 'yan magani ya ga yadda abin da ya biya kuɗinsa ya bar shi, ba tare da ya yi laifin komai ba.

Abu na biyu shi ne hukuncin gwamnati, wato takarda, kuma a nan ne akasarin masu saye ba su san abin da suke saye ba. A dokar Nijeriya babu mai mallakar ƙasar birni mallaka ta har abada. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne na wani wa'adi, yawanci shekara 99 ga gidan kwana, wani lokaci ƙasa da haka ga wurin kasuwanci. A Arewa wannan tsari ya girmi 1978, domin dokar ƙasa ta Turawa ta 1910 da ta Jihar Arewa ta 1962 duk a kan wannan turba suke. Sashe na 22 ya ce ba a sayarwa ko jinginar da wannan haƙƙi sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da aka yi ba tare da ita ba ɓatacce ne. Kotun Ƙoli ta tabbatar da nauyin wannan a 1989 a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, inda banki ya rasa jinginarsa saboda ba a nemi amincewar ba. Abin da ya fi shafar batunmu shi ne sashe na 28 da na 29. Gwamna yana da ikon soke haƙƙin don amfanin jama'a, diyyar da za a biya kuma ta abin da aka gina ce a kai, ba ta darajar filin a kasuwa ba. Ma'ana, wanda ya biya miliyoyi saboda abin da wuri zai iya zama, in aka karɓe shi gobe, kuɗin tsohon kangon da ya yi niyyar rushewa za a lissafa masa. Goben da ya saya ba ta da ko sisi a idon doka.

Ko takardar mallaka tana da kyau, ba ita ce izinin gini ba. Satifiket yana faɗin abin da aka ba da filin dominsa, kuma gidajen da ke fitowa kasuwa a bakin titi da yawansu na kwana ne a takarda. Mayar da su na kasuwanci sai an nemi sauyin amfani, an biya kuɗinsa, kuɗin ƙasa na shekara-shekara ma ya ƙaru, kuma nema ba ya nufin samu. Bayan haka sai zanen gini ya bi ta hukumar tsara birni, KNUPDA, wadda za ta duba tazarar da za a bari daga titi da daga maƙwabta, da wurin ajiye motoci, da hanyar ruwa, da yawan hawa. A nan shago arba'in ɗin dillali ke fara raguwa. Shi ya lissafa daga katanga zuwa katanga, amma in aka cire tazarar gaba, da matakala, da baranda, da bayan gida, da wurin janareta da tankin ruwa, da inda motar kaya za ta tsaya, abin da ya rage na haya zai iya komawa rabin filin. Hawan sama kuma ba ya kawo kuɗin hawan ƙasa, domin mai saye ba ya son hawa matakala, sai dai a ba da shi sito ko ofis da rahusa. Don haka tambayar da ta dace ba nawa ne faɗin filin ba. Tambayar ita ce nawa ne daga cikinsa hukuma za ta yarda a gina, kuma nawa ne daga cikin abin da aka gina ɗan haya zai biya kuɗinsa.

A nan ake kawo hujja mai ƙarfi. Za a ce, ina amfanin duk wannan wahala, tun da a watan Yunin 2023 an ga rusau a Kano, an ture shagunan filin Idi da ginin da aka yi a tsohon otal ɗin Daula, kuma masu su da yawa suna riƙe da takardun da gwamnatin da ta gabata ta ba su? In takarda ba ta hana katafila ba, me ya sa za a jira ta? Amsar kashi biyu ce. Na farko, takardar ce ta ba masu shagunan filin Idi ƙafar tsayawa a gaban alƙali. A watan Satumban 2023 Babbar Kotun Tarayya ta yanke a biya su diyyar naira biliyan 30, daga baya ɓangarorin suka sasanta a kan biliyan 3. Ba a mayar musu da abin da suka rasa ba, amma wanda ya yi gini da takardar mai unguwa kaɗai ko wannan ba zai samu ba. Na biyu, abin da rusau ya koyar ba wai takarda banza ba ce, a'a, takarda ita kaɗai ba ta isa ba sai an san asalin filin. Wurin da jama'a suka sani a matsayin filin Idi, ko harabar makaranta, ko gefen maƙabarta, ko jikin badala, ko kududdufin da ruwan unguwa ke taruwa, yana ɗauke da rigimarsa komai hatimin da aka buga masa, domin gwamnati tana canzawa amma tunanin mutane game da wurin ba ya canzawa. Ko mutum yana goyon bayan rusau ko yana adawa da shi, a matsayinsa na mai saye lissafi ɗaya ne: irin wannan fili haɗarinsa ya fi na sauran, farashinsa ya kamata ya yi ƙasa, ba sama ba.

Akwai kuma haƙƙoƙin da ba sa fitowa a fayil ɗin hukumar rajistar filaye, KANGIS. Tsohon gida a bakin titi galibi gidan gado ne, kuma dalilin fitowarsa kasuwa shi ne magada sun yi yawa, ba zai rabu ba sai an mayar da shi kuɗi. Wanda ya zo da takarda a hannu ba lallai ne shi kaɗai ke da magana ba. Akwai 'yar uwa da ke aure a wani gari, akwai marayun da ba su balaga ba, akwai bashin mamaci da wasiyyarsa waɗanda shari'a ta gabatar a kan rabo. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, in ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, sauran suna da haƙƙin shufa'a, wato su biya abin da baren ya biya su karɓe kason. Mai saye da ya sayi rabon mutum biyu cikin bakwai da niyyar lallashin sauran daga baya ya saka kuɗinsa inda ba shi da iko. Sannan ga 'yan hayar da ke cikin ginin, wasu sun biya shekara biyu gaba, wasu sun shekara ashirin a wurin har sunan shagonsu ya zama sunan kwanar. Doka ta ba su wa'adin sanarwa, mutunci kuma ya ba su fiye da haka. Kowane wata da aka yi ana jiran su tashi wata ne da jari ke kwance.

Abu na uku shi ne tsadar gini, kuma lissafinsa ba shi da wuya, sai dai ba a cika yin sa ba. Mu ƙaddara misali, ba don farashin wani wuri ne na gaske ba, sai don a ga yadda ake auna abin. An sa wa fili naira miliyan 300. Rushewa da kwashe ƙasa da zane da izini da ginin kansa sun ci wata miliyan 300. An samu shago 40, kowane ana ba da shi miliyan ɗaya da rabi a shekara in an haɗa na sama da na ƙasa an raba, wato miliyan 60. A cire kashi ɗaya cikin biyar na shagunan da za su zauna babu kowa, da gyara, da mai gadi, da haraji, saura miliyan 48. A kan jarin miliyan 600, wannan kashi 8 ne cikin ɗari, kuma sai an shekara goma sha biyu da rabi kafin uwar kuɗi ta dawo, ban da shekarun gini da babu haya. Sukuk ɗin farko, wato takardar zuba jari irin ta Musulunci, da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 ya biya kashi 16.47 cikin ɗari a shekara, ba tare da mutum ya yi faɗa da magini ko ɗan haya ba. Yanzu a juya lissafin. In mai saye yana son kashi 12, duk jarinsa bai kamata ya wuce miliyan 400 ba. Gini ya ɗauki 300, abin da ya rage wa fili miliyan 100 ne. Wannan ita ce ƙa'idar: darajar filin da za a sake ginawa ita ce abin da ya saura bayan an cire kuɗin gini da ribar mai gini daga abin da sabon ginin zai kawo. Daga ƙarshe ake farowa a dawo kan farashi, ba daga farashi a tafi neman hujja ba.

Za a ce wannan lissafi ya manta da cewa ƙasa tana tashi, naira kuma tana faɗuwa. Gaskiya ne, kuma hujja ce mai nauyi. Dalar da ake canzawa kusan naira 460 a hukumance a watan Mayun 2023 ta haura naira 1,500 a 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar wannan shekarar, wanda ya ajiye kuɗinsa a banki ya ga suna narkewa. Fili ya fi takardar kuɗi riƙe daraja, babu musu. Amma guguwar da ke ɗaga farashin fili ita ce ke ɗaga na siminti da rodi, har ma ta fi sauri a kansu. Buhun simintin da ake saye ƙasa da naira 5,000 a farkon 2023 ya wuce 10,000 a wurare da dama a Fabrairun 2024. Haya kuwa ba ta ninka cikin shekara guda, domin ɗan hayar ma cinikinsa ya ja baya. Wanda ya fara gini da kasafin bara sai ya tarar kuɗin sun ƙare a rabin hanya. Bashin banki ba mafita ba ne, tun da Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, kuma 'yan kasuwarmu da yawa ba sa taɓa bashin ruwa saboda addini. Daga cikin jarin kasuwa ake zaro kuɗin, shago ya rame don kango ya tashi. Saboda haka in manufa ita ce tsare dukiya daga faɗuwar naira, hujjar tana goyon bayan sayen fili mai tsabtar takarda a farashin fili. Ba ta goyon bayan biyan ƙarin kuɗi don benen da tsadarsa ke gudu fiye da hayarsa.

Wannan ba asarar mai saye kaɗai ba ce, shi ya sa batun ya wuce nasiha ga attajirai. Wanda ya biya fili fiye da ƙima dole ya nemi inda zai fanshe, kuma wuraren fanshewar sanannu ne. Zai ci tazarar gaba ya gina har bakin kwalta, motocin masu sayayya su koma kan titi. Zai rufe magudanar ruwa ya ɗora shago a kanta. Zai ƙara hawan da harsashin bai ɗauka ba, ya rage rodi, ya sallami injiniya ya bar wa birkila aikin. A watan Agustan 2022 Kano ta ga sakamakon irin wannan matsi sau biyu: ambaliya ta shiga Kantin Kwari ta lalata kaya masu ɗimbin yawa, 'yan kasuwa suka ɗora laifin a kan gine-ginen da suka toshe hanyoyin ruwa, sannan a ƙarshen watan bene mai hawa uku da ake kan ginawa ya rufta a titin Beirut, aka rasa rai, wasu suka jikkata. Farashin da aka ƙulla a kan buri, maƙwabta da masu wucewa ne ke biyan cikonsa.

Saura hujjar gaggawa, wadda dillalai suka fi so: in ka tsaya bincike wani zai riga ka. Wani lokaci haka ne, kuma rasa wuri mai kyau ya fi sauƙi a kan samun wuri mai rigima. Amma ba dole ne a zaɓi tsakanin gaggawa da haƙura ba. Al'adar cinikinmu ta riga ta tanadi kafin alƙalami. Abin da ake buƙata shi ne a rubuta shi da sharaɗi a gaban lauya da shaidu: an ba da kaza, an ɗauki wa'adin kaza, a cikinsa za a duba fayil a ma'aikatar ƙasa, safiyo ya auna iyaka ya gwada da taswira, a ga takardar rabon gado daga kotu da sa hannun kowane magaji, a ji ta bakin hukumar tsara birni kan abin da za ta yarda a gina, mai ƙiyasin gini ya fitar da kasafi, a kuma zauna a wurin safe da yamma, ranar aiki da ranar Juma'a, da rani da damina in hali ya yi, a ga inda mutane ke tsayawa da inda ruwa ke bi. In abu ya ɓaci daga ɓangaren mai sayarwa, kuɗi su dawo. Mai gaskiya ba ya gudun wannan sharaɗi. Wanda ya ce sai yau ko a fasa, ya riga ya ba da amsar binciken.

Daga ƙarshe, adalci ga mai sayarwa. Shi ma yana da hujja: ubansa ne ya riƙe wurin tun yana gefen gari, in gobe ya zama falaza, me zai sa bare ya kwashe ribar shi kaɗai? Wannan magana ce ta gaskiya, kuma tana da hanya mai kyau fiye da tsawwala farashi. In ya yarda da goben wurin, sai ya shiga cikinta. Ya kawo fili, mai jari ya kawo gini, a rubuta rabon shaguna ko na haya tun kafin a sa harsashi, ko ya ba da hayar wurin ta shekaru masu tsawo, mai gini ya ci moriyarsa zuwa wa'adi sannan ginin ya dawo wa iyali. Musulunci ya san irin wannan tarayya, dokar ƙasa ma ta san ta, kuma tana raba riba da haɗari tsakanin mutum biyun daidai da abin da kowa ya saka. In kuwa ya fi son kuɗi a hannu yau, wannan haƙƙinsa ne, amma sai ya karɓi farashin abin da ke hannunsa yau: fili gwargwadon takardarsa, da izinin da ya riga ya samu, da hayar da ke shigowa. Duk abin da ya ƙaru bayan haka zai fito ne daga jarin mai saye da haƙurinsa da haɗarin da ya ɗauka, don haka nasa ne, bai kamata ya biya wani kuɗinsa tun kafin ya same shi ba.